Tikitin da ya ƙi mutuwa: ƙirƙirarriyar basira da yaren MikroTik a Damagaram

Duk wanda ya zaga Damagaram a ƴan shekarun nan, daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, ya ga dogayen ƙarafa a bisa soraye ɗauke da eriya. Ya kuma ga takarda liƙe a bakin shago ko a jikin teburin mai shayi da farashin tikiti a kanta: na ƴan awoyi dala ashirin, na yini kaza, na sati kaza. Sana'ar da ake ce wa wifi zon ke nan. Ba yau aka fara ta ba, amma ta ƙara kankama tun da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya soma aiki a hukumance a Nijar cikin watan Maris na 2025. Saurayi ya tara kuɗinsa, ko yayansa da ke ci-rani ya aiko masa, ya sayi faranti, ya kafa eriya, ya shiga sayar wa unguwa intanet kaɗan-kaɗan. Da yawa da ita suke ci da kansu, wasu har da iyayensu.

Tsakanin farantin nan da wayoyin masu saye akwai wani ɗan akwati da ba kowa ke lura da shi ba. Shi ke duba lambar tikiti, ya buɗe wa mai ita hanya, ya yanka masa rabonsa na gudu, ya kuma katse shi idan lokacinsa ya cika. Galibi na kamfanin MikroTik ne, wanda aka kafa a Riga, babban birnin Latviya, a 1996. Manhajar da ke cikinsa sunanta RouterOS, kuma tana da yaren umarni nata na kanta, wanda ba wata na'ura da ke jin sa in ba ita ba. Da wannan yaren ake rubuta abin da mai sana'a ke son akwatin ya riƙa yi ba tare da an tsaya a kansa ba: ya share tikitocin da suka ƙare, ya aika wa mai shi lissafin cinikin yini ta Telegram, ya koma kan layin waya idan na tauraron ɗan'adam ya faɗi.

A da, mai son irin wannan sai ya nemi wanda ya iya ya biya shi, ko ya zauna yana tsayar da bidiyon YouTube yana kwafar abin da wani ɗan Indunisiya ya rubuta, harafi bayan harafi. Yanzu sai ya buɗe ChatGPT ko Gemini ko Claude ko DeepSeek a wayarsa, ya rubuta buƙatarsa da Faransanci, kafin ya kurɓi shayi sau biyu amsa ta fito a tsare, har da bayanin kowane layi. Ba na cikin masu ƙyamar wannan, ko kaɗan. Abin da nake so ƴan'uwana masu sana'ar su gane shi ne, ƙirƙirarriyar basira ta fi rauni a ƙananan yarukan umarni irin na MikroTik, kuma rauninta a nan ba ya nuna kansa. Amsar da ke daidai da wadda za ta share maka jari, fuskarsu ɗaya, muryarsu ɗaya.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Manhajojin nan ba su zauna sun haddace ƙa'idojin kowane yare ba. An ɗura musu tulin rubutu ne da aka kwaso daga intanet da littattafai da rumbunan manhajoji irin su GitHub, aka horar da su a kan hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo bayan abin da aka riga aka rubuta. Inda misalai suka yi yawa, hasashen yakan yi kyau ƙwarai, har ya kai ga warware matsalar da ba a taɓa gani ba. Python da JavaScript, manyan yarukan rubuta manhaja, suna da miliyoyin shirye-shirye a buɗe, da tambayoyi da amsoshi na shekara da shekaru, da gyare-gyaren da mutane suka yi wa juna. A rahoton GitHub na 2024 Python ne ma ya haye gaba a yawan amfani, ya ture JavaScript. Yaren RouterOS kuwa ɗan abin da ke akwai a warwatse yake, cikin Turanci da Rashanci da Indunisiyanci da Sifaniyanci, galibinsa guntaye ne da wani ya liƙa yana tambayar me ya sa ba sa aiki. Wato wani kaso na abin da ta koya daga gare shi, rubutun da ya lalace ne tun asali.

Har jarrabawar da ake auna su da ita ta karkata can. HumanEval, wadda OpenAI ya fitar a 2021, tambayoyi 164 ne, dukkansu na Python. SWE-bench ta 2023 an ciro ta ne daga manhajoji goma sha biyu, su ma na Python. Idan ka ji kamfani yana shelar cewa sabuwar manhajarsa ta ci kashi kaza cikin ɗari a rubuta umarnin kwamfuta, ka sani ba a akwatin da ke rataye a ɗakinka aka gwada ta ba.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Duk wanda ya taɓa sa ɗaya daga cikin manhajojin nan ta rubuta masa doguwar wasiƙa da Hausa ya san yadda abin yake: kalmomin Hausa ne, jimlar ta tafi sumul, amma ƙashin bayanta na Turanci ne, wani lokaci kuma ta jefo kalmar da ba Bahaushen da ya taɓa furta ta. Haka take yi wa yaren MikroTik. Inda ilminta ya ƙare sai ta cike gurbin da abin da ta saba da shi a manyan yaruka. Bambancin shi ne, wasiƙar Hausa kunnenka zai kama inda ta karkace, amma rubutun umarni wanda bai iya karanta shi ba ba shi da kunnen da zai kama da shi.

Wasu kurakuran masu sauƙi ne, domin akwatin zai ƙi su nan take. A Python da JavaScript, idan ana son a gwada ko abu biyu daidai suke, alamar daidai ake rubutawa sau biyu. A RouterOS sau ɗaya ce. Sunan ma'aji, wato ɗan gurbin da ake raɗa wa suna a ajiye lamba ko rubutu a ciki, idan yana da ƙaramin layin nan na ƙasa a tsakiyarsa, dole a rufe shi da alamar zance, abin da ba a yi a sauran yaruka. Yaren bai san lamba mai ɗigo ba, sai cikakkiya, don haka duk lissafin da aka gina a kan rabi ko kwata zai tafi a karkace. Irin waɗannan suna ɓata lokaci da rai, amma ba sa cin jari. Ka liƙa, jan rubutu ya fito, ka koma ka faɗa mata, ta ba da haƙuri ta gyara.

Masu haɗarin su ne waɗanda akwatin ke karɓa ba gardama.

Wani matashi da ke da eriya biyu a wajen Sabon Gari ya buga tikitoci masu yawa kashi-kashi, ya raba wa masu shaguna suna sayar masa. Kowane kashi yana da alamarsa a gurbin bayani, wanda a cikin akwatin ake kira comment. Sai wani mai shago ya ce takardunsa sun ɓace. Matashin ya so ya soke wancan kashin kaɗai, ya nemi manhajar wayarsa ta rubuta masa umarnin. Ta rubuta layi biyu masu tsabta: a na farko ta buɗe ma'aji ta raɗa masa suna comment ta zuba alamar kashin a ciki, a na biyu ta ce a nemo duk tikitin da comment ɗinsa ya yi daidai da $comment, wato abin da ke cikin ma'ajin, a share shi. Ya liƙa, ya danna. Ba jan rubutu, ba gargaɗi. Kafin magariba masu shaguna sun fara kira, wai mutane na dawo da tikiti suna cewa ba ya shiga.

Ya zo wurin wani dattijon ma'aikacin rezo da muke zama tare, fuskarsa duk ta canja.

"Baba, wallahi kashi ɗaya na ce mata. Ga shi nan a rubuce, ku duba."

Dattijon ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya karanta sau ɗaya, ya ɗora yatsa a kan kalmar.

"Yaro, ai sunan nan ba naka ba ne, na akwatin ne. Ka ce masa ya nemo wanda bayaninsa ya yi daidai da bayaninsa. To wane ne bai yi daidai da kansa ba?"

Abin da ya faru ke nan. A cikin umarnin nema, RouterOS yana ɗaukar sunayen gurabensa a matsayin nasa, su ne kan gaba. Idan ka raɗa wa ma'ajinka suna iri ɗaya da na gurbi, sai ya manta da naka ya ɗauki nasa, sharaɗin ya zama gaskiya a kan duk tikitin da ke da bayani. Kamfanin ya rubuta wannan a littafin jagorarsa. Abin lura a nan shi ne, manhajar ba shirme ta yi ba. A Python, raɗa wa ma'aji sunan abin da ke cikinsa ɗabi'a ce mai kyau da ake koya wa kowane ɗalibi. Kyakkyawar tarbiyyar da ta samu a babban yare ce ta zama tarko a ƙarami. Da ta ce masa alamarKashi, ko kowane suna dabam, da ba abin da ya faru. Allah ya taimake shi yana da kwafin ajiya na satin da ya gabata, aka dawo da mafi yawa, sauran ya biya mutane daga aljihunsa.

Sai matsala ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko yaɗuwa: yaren ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Shekaru masu yawa zubi na 6 na RouterOS, wato fitowarsa ta shida, ake amfani da shi, kuma yawancin abin da ke intanet a kansa aka rubuta. A ƙarshen 2021 zubi na 7 ya fito, abubuwa da dama suka sauya mazauni. User Manager, wanda wasu ke sarrafa tikiti da shi, an sake gina shi gaba ɗaya, ya tashi daga ƙarƙashin /tool ya koma cin gashin kansa. Tsarin raba hanya tsakanin layin intanet biyu ya canja, sai ka fara ƙirƙirar teburin hanya kafin ka yi amfani da shi. Manhajar ta ga tsoho ta ga sabo, amma ba kowane guntun rubutu ba ne aka rubuta masa shekara a goshi, don haka sau da yawa takan haɗa su a tukunya ɗaya: layin farko na 6, na uku na 7.

Misalin da ya fi shafar masu tikiti shi ne na kwanan wata. Kafin zubi na 7.10, wanda ya fito a tsakiyar 2023, idan ka tambayi akwatin kwanan wata zai ba ka shi kamar haka: jun/15/2023. Daga 7.10 sai ya koma 2023-06-15. Dubban rubuce-rubucen da ke lissafa ranar mutuwar tikiti an gina su ne a kan tsohon fasali. Sukan yanki haruffa uku na farko, su samu jun, su duba cikin jerin watanni su ga na shida ne. A sabon fasali haruffa uku na farko 202 ne, kuma babu wata mai wannan suna. Daga nan lissafin ya rushe. A wasu wuraren tikiti ya mutu tun bai fara aiki ba, mai saye ya zo da faɗa, aƙalla ka sani. A wasu kuwa tikitin dala ashirin ya ƙi mutuwa sam. Wanda ya saya ba zai zo ya faɗa maka ba, zai ma ba abokansa na fada lambar. Kai dai ka ga mutane cike a rezo, gudu ya ragu, ciniki kuma yana ja da baya, ka rasa dalili. Har yau idan ka nemi rubutun ƙarewar tikiti ba ka faɗi zubinka ba, akwai yiwuwar a miƙo maka mai jerin jan, feb, mar, domin shi ya fi yawa a abin da ta gani.

Akwai kuma abin da ba laifin yare ba ne, na wuri ne. Yawancin ƙananan akwatunan nan ba su da batirin agogo. Idan wuta ta ɗauke suka sake tashi, agogonsu yakan koma baya, a wasu har 1970, sai sun samu intanet sun tambayi lokaci kafin su daidaita. Wanda ya rubuta misalinsa a Turai, inda wuta kan shekara ba ta ƙifta ba, bai damu da wannan ba, manhajar da ta koya daga gare shi ita ma haka. A Damagaram cikin bazara, inda akwati kan mutu ya tashi sau da dama a yini idan ba sola da batiri, rubutun da ke gudu da zarar an kunna zai yi hukunci da agogon ƙarya. Tikitin da aka fara amfani da shi a cikin ƴan mintocin nan za a rubuta masa ranar ƙarewa ta bogi. Maganin ba wuya: a sa rubutun ya duba ko agogo ya daidaita, in bai daidaita ba ya haƙura sai zagaye na gaba. Idan ka faɗa wa manhajar za ta sa. Ba za ta sa don kanta ba, domin ba ta san inda kake zaune ba. Haka batun ƙarfin akwatin. Ɗan ƙaramin hAP lite da mutane da yawa suka fara da shi megabait 32 ne ƙwaƙwalwarsa, ma'ajiyarsa 16. Rubutun da ke bin tikiti dubu uku ɗaya bayan ɗaya kowane minti daidai yake a ƙa'ida, amma zai shaƙe shi.

Wani zai ce ai manhajojin suna ƙara ƙwarewa, yau ba jiya ba ce. Gaskiya ne, kuma na ga bambancin da idona. Waɗanda ke iya leƙa intanet su karanta littafin jagora kafin su amsa sun fi na da nesa ba kusa ba. Sai dai akwai tazarar da ba ta rufe ba. Mai rubuta Python da kayan aiki na zamani, manhajar tana rubutawa, ta gudanar da abin da ta rubuta, ta ga kuskuren, ta gyara, ta sake gwadawa, duk kafin ya gani. Wannan zagayen ne ya sa take da ƙarfi. Matashin da ke hira da ita a waya ba ta da akwatinsa a gabanta. Ba ta ga tikitocinsa ba, ba ta ga abin da ya fito ba. Shi ne idonta, shi ne hannunta. Idan shi ma bai iya karanta abin da ya fito ba, to ba mai gani a cikinsu. Kuma rubutun da aka sa wa lokaci yana gudu cikin dare, idan ya ci karo yakan tsaya ne shiru, ko ya bar layi ɗaya a cikin kundin abubuwan da suka faru wanda ba wanda ke buɗewa.

Ko ƙwararru ma ji a jiki yana ruɗinsu. A 2025 wata cibiyar bincike mai suna METR ta gwada gogaggun masu rubuta manhaja goma sha shida a kan ayyukan da suka saba da su. Da taimakon ƙirƙirarriyar basira aikin ya ɗauke su ƙarin lokaci da kashi 19 cikin ɗari, alhali su a ransu sun ɗauka ta rage musu kusan kashi 20. Ƙaramin gwaji ne, kayan aikin ma sun sauya tun daga lokacin, ban kawo shi don in ce ba ta da amfani ba. Na kawo shi ne don ya nuna cewa daɗin da mutum ke ji idan amsa ta fito da sauri ba shi ne ma'aunin ingancinta ba.

Amfaninta kuwa babba ne, kuma ya fi girma a inda mutane ba su cika nemansa ba. Littafin jagorar MikroTik da Turanci yake. Yaranmu da Faransanci suka yi lakwal, wasu ma allo kaɗai suka yi, suka koyi sana'ar da ido da hannu. A da wannan katanga ce. Yanzu kana iya ɗauko shafin jagora ka liƙa mata ka ce ta bayyana maka da Faransanci mai sauƙi, ko da Hausa gwargwadon iyawarta. Kana iya ɗauko rubutun da wani ya saka maka a akwati shekara biyu da suka wuce, wanda kake tsoron taɓawa, ka ce ta faɗa maka aikin kowane layi. A karatu da bayani ta fi ƙarfi a kan ƙirƙira daga babu, domin abin yana gabanta, ba sai ta cike gurbi da zato ba. Na san yaran da da wannan hanyar suka fara gane mene ne :local, mene ne :foreach, me ya sa ake sa wasu umarnin cikin baka mai kusurwa. Yaren gaba ɗaya ba shi da girma. Wanda ya dage, cikin ƴan makonni zai iya karanta mafi yawan abin da zai ci karo da shi, kuma iya karatun nan shi ne ke raba wanda manhajar ke yi wa aiki da wanda take jefawa rami.

Waɗanda na ga suna cin moriyarta a rubutu ma, hanyarsu kusan ɗaya ce ko da ba su haɗa baki ba. Ba sa fara magana sai sun faɗa mata zubin RouterOS ɗinsu daidai, da samfurin akwatin, har su liƙa mata yadda kwanan wata ke fitowa a wurinsu. Sukan ba ta wani rubutu da suka tabbatar yana aiki a kan akwatin nan su ce ta bi salonsa. Ba sa neman babban abu a dunƙule, sai ɗan guntu, su gwada, su ƙara wani. Mafi muhimmanci, duk inda suka ga remove ko set ko disable, wato umarnin sharewa ko canzawa ko kashewa, sukan maye gurbinsa da print, umarnin nunawa kawai, tukuna, su ga jerin abin da umarnin zai taɓa. Da matashin Sabon Gari ya yi wannan kaɗai, da ya ga tikitocinsa duka sun jeru a gabansa maimakon kashi ɗaya, da hannunsa ya tsaya. Aikin daƙiƙa goma ne.

Sauran kariyar akwatin da kansa ya tanade su, mutane ne ba sa amfani da su. Akwai ajiye kwafin saiti kafin a taɓa komai, a kuma sauke shi a waya ko kwamfuta, kada a bar shi cikin akwatin kaɗai. Akwai Safe Mode a WinBox (manhajar da ake shiga saitin akwatin da ita), wanda idan ka kunna shi ka yi canjin da ya katse ka daga akwatin, zai warware canjin da kansa. Wanda ya taɓa rufe kansa a waje da doka guda ɗaya ta katangar wuta, wato shingen da ke tace masu shiga akwatin, alhali akwatin yana can wata unguwa sai an hau kabu-kabu, ya san darajar wannan maɓallin. Akwai kuma CHR, wato RouterOS da ake girkawa a cikin kwamfuta, wanda kyauta ne idan ka yarda da gudun megabit ɗaya, kuma gwajin rubutu ba ya buƙatar fiye da haka. In ba kwamfuta, tsohon akwatin da aka ajiye a lungu ya isa, muddin zubinsa ɗaya da na aiki.

Wani abu da ke damuna shi ne yadda ake liƙa mata saitin akwati dungurungum don ta nemo matsala. A zubi na 6, umarnin export, mai zayyano saitin akwati duka, yana fito da kalmomin sirri a fili sai in ka ce ya ɓoye. A na 7 ne aka juya, yake ɓoyewa sai in ka ce ya nuna. Mai tsohon zubi da ya kwafa ya liƙa ya miƙa mabuɗan gidansa ga na'urar wani kamfani a wata ƙasa, har da mabuɗin Telegram ɗinsa idan yana cikin rubutun. Akwatunan nan kuma ɓarayin intanet suna farautarsu. A 2018 an gano wata kafa a WinBox da ke bari a sace sunayen shiga da kalmomin sirri, kamfanin ya toshe ta, amma akwatunan da ba a sabunta ba sama da dubu ɗari biyu aka kama aka yi amfani da su wajen sa na'urorin masu shiga intanet ta cikinsu haƙar kuɗin kirifto, mafi yawa a Brazil. Idan manhaja ta ce ka buɗe wata ƙofa ko ka kashe wata doka don abu ya yi aiki, ka tambaye ta wa kuma zai iya shigowa ta nan, sannan ka duba jagora da kanka.

Ba masu wifi kaɗai abin ya shafa ba. Matasan da suka fito daga Jami'ar André Salifou suna aikin tattara bayanai wa ƙungiyoyin agaji a Mirya da Magarya da Matamai suna gina takardun tambaya a KoboToolbox, inda sharuɗɗan tsallake tambaya ke da nasu ɗan yaren. Nan ma manhajar kan jefo alamar daidai biyu, ko alamomin JavaScript a inda ake son kalmar and. Masu aikin ƙidaya da CSPro, na hukumar ƙidayar Amurka, su ma haka. Kuskuren da takardar ta ƙi karɓa alheri ne. Wanda ta karɓa, ya riƙa tsallake tambayar mata masu ciki a ƙauye arba'in ba wanda ya lura, sai an dawo gari ake gane shi, lokacin kuɗin mai da na masu tambaya sun riga sun tafi.

Akwai wata dabara da masu manyan rezo suka fara bi, kuma tana da ma'ana: a janye lissafin daga ƙaramin yare a mai da shi babba. RouterOS yana da ƙofar da wata manhaja ke iya yi masa magana daga waje, zubi na 7 ma ya ƙara wadda ake kira REST. Sai a rubuta lissafin tikiti da rahoton ciniki da Python, inda ƙirƙirarriyar basira ta fi ƙwarewa kuma take iya gwada aikinta, a bar wa akwatin gajerun umarni kawai. Amma wannan yana son wata na'ura da ke kunne dare da rana, ga wuta, ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga kuma ƙarin ƙofar da dole a tsare. Mai eriya goma da ma'aikata, ya cancanci wahalar. Mai eriya ɗaya da masu saye hamsin kuwa, sau da yawa ba ya ma buƙatar rubutun ko kaɗan. A cikin saitin tikiti akwai gurbin limit-uptime da ke ƙidaya awoyin da mutum ya yi a kan layi, da limit-bytes-total da ke ƙidaya abin da ya sha, kuma duka biyun ba ruwansu da fasalin kwanan wata ko agogon da ya koma 1970. Manhajar ba kasafai take fara kawo wannan ba idan rubutu ka nema, domin abin da ka tambaya take ba ka. Sai ka tambaye ta kai tsaye ko akwatin yana iya yin abin ba tare da rubutu ba, sannan ka buɗe WinBox ka ga gurbin da idonka kafin ka buga tikiti na gaba.